Fararen hula da leƙen asiri a yaƙin 'yancin Aljeriya: wa ya yi aikin, me doka ta ce, wa ya ɗanɗana kuɗarsa

Ranar 1 ga Nuwamba 2024, shekara 70 cif da ɓarkewar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, fadar shugaban Faransa ta fitar da sanarwa cewa Emmanuel Macron ya amince sojojin ƙasarsa ne suka kashe Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, a 1957. Abin da hukuma ta faɗa a wancan lokacin shi ne ya rataye kansa a ɗakin da aka tsare shi. Kafin nan Macron ya yi irin wannan iƙirari a kan Maurice Audin, malamin lissafi mai goyon bayan 'yancin Aljeriya, a 2018, da lauya Ali Boumendjel a 2021. A Disambar 2021 kuma gwamnatin Faransa ta buɗe takardun 'yan sanda da na kotuna da suka shafi yaƙin, shekara 15 kafin wa'adin da doka ta ɗiba ya cika.

Duk da haka akwai rukunin takardu da ba a taɓa ba: waɗanda za su iya fallasa sunan wanda ya yi wa hukuma aikin leƙen asiri. Wannan ne ya sa mutane da dama ke tambaya, mene ne a cikinsu da har yau ake jin tsoronsa, alhali an ajiye makamai tun 1962? Amsar tana cikin yadda aka yi yaƙin kansa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki labari daga wannan ɓangare zuwa wancan ba sojoji ba ne. Masu shago ne, da ɗalibai, da makiyaya, da matan aure, da yara ƙanana.

## Su wa ake nufi?

Ana yawan cakuɗa mutane huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma matsayinsu ya bambanta a wurin doka da a wurin jama'a.

Ɗan leƙen asiri, a ma'anar dokokin yaƙi na Hague na 1907, shi ne wanda ya tattara bayani a ɓoye, ko da sojan gona, a yankin da wani ɓangare ke iko da shi, da niyyar miƙa wa abokin gaba. Sojan da ya shiga yankin abokan gaba sanye da kakinsa domin ya gano inda suke bai shiga wannan ma'ana ba. Ɓoye kamanni shi ne ginshiƙin laifin.

Mai kai rahoto, wanda ake kira infoma, ba ya zuwa ko'ina. Yana zaune a unguwarsu, yana faɗa wa hukuma ko 'yan gwagwarmaya abin da maƙwabta ke ciki, wani don kuɗi, wani don tsoro, wani don tsohuwar gaba. Ɗan aike kuwa shi ke ɗaukar wasiƙa ko kuɗi ko makami daga hannu zuwa hannu, sau da yawa bai ma san abin da ke cikin ƙunshin ba. Na huɗu shi ne wanda aka kama aka juya shi, aka mayar da shi cikin 'yan uwansa yana yi wa waɗanda suka kama shi aiki. Wannan na ƙarshe shi ya fi kowa yin ɓarna a Aljeriya.

Ƙungiyar FLN, wadda ta jagoranci yaƙin, tana da nata rabon. Mujahid shi ne mayaƙin daji mai kaki. Fida'i shi ne mai kai hari a birni da kayan gida. Musabbil kuma farar hula ne da ke noma ko kiwo da rana, yana gadi da jagorancin hanya da kai abinci da dare. A idon sojan Faransa, na biyu da na uku ba su da wata alama da ta raba su da sauran jama'a.

## Abin da ya sa labari ya fi harsashi tsada

Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, kuma tun 1848 ta ɗauki arewacin ƙasar a matsayin lardunan Faransa, ba ƙasar da take raino ba. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1954, Turawa mazauna sun kai kusan miliyan 1, Musulmi 'yan ƙasa kuma kusan miliyan 9. Faransa ta tura dakaru har suka haura 400,000, da jirage da tankoki. Mayaƙan FLN ba su taɓa kusantar wannan adadi ba.

A irin wannan yaƙi ƙarfi ba ya amfani idan ba a san inda za a kai shi ba. Sojan da aka kawo daga Faransa bai iya Larabci ko yaren Kabiliya ba, bai san wane ne ɗan wane ba, bai san wace hanya ce ke bi ta bayan dutse ba. Mayaƙin daji shi ma ba zai kwana biyu ba idan babu mai faɗa masa cewa motocin soja sun fito daga bariki. Kowane ɓangare ya gane cewa da ɗan gari akan ci gari, saboda haka kowa ya nufi ɗan garin, da lallashi ko da wuƙa.

Ba Aljeriya kaɗai aka ga haka ba. A yaƙin 'yancin Amurka, George Washington ya dogara da wani ɗan ƙaramin rukuni na 'yan kasuwa da manoma, wanda aka kafa a 1778, don sanin motsin sojojin Ingila a New York. A Ireland, Michael Collins, jagoran masu neman 'yanci, ya samu masu kawo masa labari daga cikin 'yan sandan ciki na Dublin, kuma da wannan bayani mutanensa suka kashe mutum 14 da safiyar 21 ga Nuwamba 1920, yawancinsu jami'an sojan Birtaniya da ake zargi da aikin asiri. A Kenya, Birtaniya ta riƙa jera mutane a gaban masu tsegumi da aka rufe wa fuska don su nuna 'yan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallaka. Abin da ya bambanta Aljeriya shi ne girman abin, da yadda aka mayar da shi tsari a rubuce wanda daga baya wasu rundunoni suka koya.

## Tsarin FLN a birni da ƙauye

Taron da FLN ta yi a kwarin Soummam a Agustan 1956 ya raba ƙasar zuwa wilaya shida, wato yankunan yaƙi, babban birnin Aljiyas kuma aka ba shi matsayin yanki mai cin gashin kansa. A ƙauyuka an kafa ƙananan kwamitoci na ɓoye masu karɓar kuɗin gudummawa, da sasanta rigingimu don kada mutane su je kotun Faransa, da tattara labarin wanda aka ga yana yawan zuwa bariki.

A Aljiyas cibiyar aikin ita ce Kasba, tsohon gari mai lunguna da gidaje haɗe da juna, inda mutum zai iya ratsa unguwa ta saman soraye bai taka ƙasa ba. Yacef Saadi, ɗan mai gidan burodi, shi ne ya jagoranci ɓangaren hare-hare, da mutane kimanin 1,400 a ƙarƙashinsa. An tsara su uku-uku: kowa ya san wanda ya ɗauko shi da mutum biyun da shi ya ɗauko, bai san kowa ba bayan nan. Saƙo ba ya tafiya kai tsaye. Ana ajiye shi a wani shago, wani ya zo ya ɗauka. Manufar ita ce idan an kama mutum ɗaya, abin da zai iya faɗa kaɗan ne, kuma idan ya daure na ɗan lokaci sauran za su sauya maɓoya.

Mata sun ɗauki kaso mai nauyi na wannan aiki. Wadda ta lulluɓa da haik, farin mayafin matan birnin, tana iya ɓoye wasiƙa ko ƙaramar bindiga, domin da farko sojoji suna shakkar laluben mata. Wasu kuma suka yi akasin haka, suka yi shigar Turawa don su wuce shingen bincike. Ta haka ne ranar 30 ga Satumba 1956 Zohra Drif da Samia Lakhdari da Djamila Bouhired suka fita da bama-bamai zuwa unguwar Turawa. Biyu sun tashi a wuraren shan kayan sanyi da ke cike da fararen hula, aka kashe mutum uku, aka raunata da dama, har da yaran da aka yanke wa gaɓoɓi. FLN ta ce martani ne ga bam ɗin da Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka tayar a titin Thèbes na Kasba a watan Agusta, wanda ya kashe gomman mutane suna barci. A nan iyakar da ke tsakanin ɗan aike da mai kai hari ta ɓace, kuma daga ranar kowace mace 'yar Aljeriya da ta tunkari shinge ta zama abin zargi.

A wajen ƙasar, Abdelhafid Boussouf ya gina wani sashe na daban daga Maroko, mai kula da sadarwar rediyo da sauraren saƙonnin sojan Faransa da sayen makamai, wanda daga baya aka san shi da MALG. A cikin Faransa kanta, ma'aikata 'yan Aljeriya suna biyan gudummawa duk wata, wasu Faransawa kuma ƙarƙashin masanin falsafa Francis Jeanson suna ɗaukar kuɗin a akwatuna suna fitar da shi ƙasar waje. An gurfanar da su a kotun soja a Satumban 1960.

## Martanin Faransa: lamba a kan kowace ƙofa

Ranar 7 ga Janairu 1957 aka miƙa ikon 'yan sanda na Aljiyas ga Janar Jacques Massu da rundunarsa ta 10 ta sojojin laima, bisa dokar iko na musamman da majalisar Faransa ta amince da ita a Maris 1956. Abin da suka fara yi shi ne kwashe fayilolin 'yan sanda, sannan suka murƙushe yajin aikin kwana takwas da FLN ta kira daga 28 ga Janairu.

Kanar Roger Trinquier ya kawo tsarin da ya mayar da kowane mazaunin birni mai kai rahoto, ko yana so ko ba ya so. An zagaye Kasba da waya mai ƙaya, aka ƙidaya mutanen kowane gida, aka rubuta lamba da fenti a bango. Kowane gida yana da wanda zai amsa tambaya a kan mazaunansa, kowane rukunin gidaje yana da shugaba, shi kuma yana kai rahoto sama. Idan baƙo ya kwana ba a faɗa ba, ko wani ya ɓace ba a yi bayani ba, wanda aka ɗora wa alhakin shi zai amsa. Mutumin da aka naɗa bai nemi muƙamin ba, amma daga ranar FLN tana kallonsa a matsayin maci amana, soja kuma yana kallonsa a matsayin wanda ke ɓoye wani abu.

A karkara, tun 1955 aka kafa ofisoshin da ake kira SAS, kusan 700, kowanne da hafsan soja mai kula da makaranta da ɗakin shan magani da takardun shaida. Wasu daga cikin hafsoshin sun yi wa jama'a hidima ta gaske, amma ofishin da ke raba magani shi ne kuma ke tattara sunaye. Inda aka ga ba za a iya raba mayaƙa da ƙauyawa ba, sai aka kwashe ƙauyawan gaba ɗaya. Kimanin mutum miliyan 2 aka tara a sansanoni, aka raba su da gonakinsu da dabbobinsu.

Sai kuma azabtarwa, da wutar lantarki da ruwa da ratayewa, wadda ta zama hanyar yau da kullum ta neman bayani. Paul Teitgen, babban sakataren 'yan sanda na Aljiyas, wanda shi kansa Gestapo, 'yan sandan ciki na Jamus, ta azabtar a yaƙin duniya na biyu, ya ajiye aiki a 1957. A lissafinsa, cikin mutum kusan 24,000 da ya sa hannu a takardar tsare su, 3,024 sun ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

## Shuɗiyar cuta

Abin da ya fi rusa FLN daga ciki aikin Kyaftin Paul-Alain Léger ne, wanda ya yi yaƙi a Indochina kuma ya taso a Arewacin Afirka. Ya tattara tsofaffin 'yan FLN da aka kama aka juya, ya sa musu shuɗin kayan leburori, ya sake su cikin Kasba. Sun san fuskoki, sun san shagunan da ake ajiye saƙo. Ta hanyar ɗaya daga cikinsu, wanda Yacef Saadi ke ci gaba da yi wa wasiƙa bai san yana hannu ba, aka bi sawun 'yan aike har zuwa maɓoyarsa, aka kama shi tare da Zohra Drif ranar 24 ga Satumba 1957. Ranar 8 ga Oktoba sojoji suka tarwatsa gidan da Ali la Pointe, na hannun daman Saadi, ke ɓoye. Tare da shi aka kashe Hassiba Ben Bouali, da Mahmoud Bouhamidi, da wani yaro ɗan aike da ake kira Ƙaramin Omar, wanda bai wuce shekara 13 ba, da maƙwabta da dama da gine-gine suka rufta a kansu.

Léger bai tsaya nan ba. Na tsawon watanni mutanensa suka riƙa musayar wasiƙu da shugabannin wilaya ta uku a Kabiliya, yankin tsaunuka da ke gabas da Aljiyas, da sunan su ne sabon reshen FLN na Aljiyas, har aka aiko musu da makamai. Daga nan ya koma ga dabarar da ta fi muni. Akan bar fursuna ya hango takardun bogi masu nuna cewa wasu manyan mayaƙan daji suna karɓar albashi daga Faransa, sannan a sake shi. Yana isa daji zai faɗi abin da ya gani, da zuciya ɗaya, yana ganin ya tona asirin maciya amana.

Kanar Amirouche, shugaban wilayar, ya yarda cewa an cika rundunarsa da 'yan leƙen asiri. Aka fara kama mutane ana azabtar da su. Wanda ake azabtarwa yakan ambaci sunaye don a ƙyale shi, waɗanda ya ambata su ma su ambaci wasu, kowane sabon suna kuma ya zama hujjar cewa makircin gaskiya ne. A Agustan 1958 Amirouche ya rubuta wa shugabannin sauran wilayoyi yana gargaɗinsu, abin ya bazu zuwa wilaya ta huɗu. Waɗanda aka fi kashewa su ne 'yan birni da masu ilimin boko, musamman ɗaliban da suka bar makaranta suka shiga daji bayan yajin karatu na Mayun 1956. Iya Faransanci da laushin tafin hannu sun isa su jawo wa mutum zargi. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Wannan ne aka yi wa laƙabi da shuɗiyar cuta, saboda launin kayan mutanen Léger.

Dalilin da ya sa dabarar ta ci shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. An taɓa juya wasu, kuma Amirouche ya san haka. Ya kuma san cewa ɓangarensa ya taɓa yi wa Faransa irin wannan wasa a 1956, lokacin da hukuma ta ɗauki ɗaruruwan mazan Kabiliya ta ba su makamai don su yaƙi FLN a ɓoye, ashe mutanen Krim Belkacem ne, jagoran FLN a yankin, suka gudu daji da makaman. Wanda ya ga yadda aka yaudari abokin gabansa cikin sauƙi ba zai yi wuyar yarda cewa shi ma an shige shi ba. Ƙungiyar da ba ta da kotu mai zaman kanta, ba ta da gidan yarin da za ta ajiye wanda ake tuhuma har a bincika, hukunci ɗaya take da shi ga zargi, wato kisa. Léger ya gane wannan rauni, kuma a kansa ya gina aikinsa.

## Me doka ta ce?

Leƙen asiri a lokacin yaƙi ba laifin yaƙi ba ne a dokar ƙasa da ƙasa. An yarda kowane ɓangare ya yi. Sai dai wanda aka kama yana yi ba ya samun matsayin fursunan yaƙi, kuma ana iya hukunta shi da dokar ƙasar da ta kama shi. Kariyar da dokokin Hague suka ba shi ita ce ba za a hukunta shi ba sai an yi masa shari'a. Akwai kuma sassauci ɗaya: ɗan leƙen asirin da ya koma cikin rundunarsa kafin a kama shi, ba za a tuhume shi da abin da ya wuce ba. Wannan sassauci na soja ne. Mai shagon da ke zaune a unguwarsu ba shi da rundunar da zai koma.

A Aljeriya ko wannan ƙaramar kariya ba ta samu ba, domin Faransa ta ƙi kiran abin yaƙi. A hukumance aikin tabbatar da doka da oda ne a cikin gida, kuma sai a Oktoban 1999 majalisar Faransa ta amince da kalmar yaƙi. Saboda haka ɗan FLN da aka kama mai laifi ne kawai, kamar ɗan fashi. Ahmed Zabana ne aka fara sare wa kai ranar 19 ga Yuni 1956, kuma kimanin mutum 200 aka zartar wa hukuncin kisa kafin a gama. Amma ko a rikicin cikin gida, sashe na 3 na yarjejeniyoyin Geneva na 1949, waɗanda Faransa ta riga ta amince da su, ya haramta azabtarwa da kisa ba tare da shari'a ba. Wannan haramci ya hau kan FLN ita ma, musamman da gwamnatinta ta wucin gadi ta sanar da shiga yarjejeniyoyin a 1960.

Abin da ya faru a Aljeriya yana cikin dalilan da suka sa ƙarin yarjejeniya ta 1977 ta sanya yaƙin neman 'yanci daga mulkin mallaka cikin yaƙe-yaƙen ƙasa da ƙasa, ta kuma sassauta sharaɗin sa kaki ga mayaƙan sunƙuru muddin sun fito da makaminsu fili lokacin kai hari. Ta ce kuma mayaƙin da ke zaune a yankin da aka mamaye ba za a kira shi ɗan leƙen asiri ba don kawai ya lura da abin da ke faruwa a gabansa, sai in ya yi da yaudara ko da gangan a ɓoye. Aljeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1989, Faransa sai 2001.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Hafsoshin da suka jagoranci aikin Aljiyas sun kafa hujja da gaggawa: bam na gab da tashi, wanda ke hannu ya san inda yake, tsarin uku-uku kuma yana nufin bayanin zai lalace cikin sa'o'i. Suna nuni da cewa zuwa ƙarshen 1957 hare-haren sun tsaya. Massu ya kare wannan matsayi a littafinsa na 1971, Janar Paul Aussaresses kuma, wanda ya yi aikin asiri ƙarƙashin Massu, ya fito a 2000 da 2001 ya faɗi kisan da ya yi ba tare da nadama ba.

Masu suka sun fito tun a lokacin, har daga cikin soja. Janar Jacques Pâris de Bollardière ya nemi a sauke shi daga muƙaminsa a 1957, aka tsare shi kwana 60 saboda ya yi magana a fili. Masana tarihi irin su Raphaëlle Branche sun nuna cewa yawancin waɗanda aka azabtar ba su san inda wani bam yake ba, kuma manufar ta haɗa da cusa wa al'umma tsoro gaba ɗaya. Massu kansa ya ce a 2000 da an iya yi ba tare da azabtarwa ba. Gaskiyar da ke tsakani ita ce an samu bayanai ta wannan hanya, amma manyan kamun ƙarshe ta hanyar kutsawa aka yi su, kuma su waɗanda aka juya ɗin ba a raba juyawarsu da abin da suka gani ko suka sha a ɗakin tambaya. Ta fuskar siyasa kuwa, Faransa ta ci birnin, ta rasa amincewar mazaunansa da ta wani babban ɓangare na 'yan ƙasarta.

A ɓangaren Aljeriya, labarin hukuma yana ɗaukaka 'yan aike da matan Kasba a matsayin jarumai, kuma sunayensu na kan tituna da jami'o'i. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan Musulmin da FLN ta kashe bisa zargin kai rahoto ko bin ƙungiyar hamayya ta Messali Hadj, kamar kisan fiye da mutum 300 a yankin Melouza a Mayun 1957, da kisan Abane Ramdane, ɗaya daga cikin manyan shugabannin FLN, a hannun abokan gwagwarmayarsa a Maroko a Disambar wannan shekara. Masu kare FLN suna cewa ƙungiyar ɓoye da ke fuskantar babbar runduna ba ta da sararin yin sassauci, domin bakin mutum ɗaya na iya hallaka ƙauye. Masu suka suna cewa an yi amfani da kalmar maci amana wajen biyan bashin gabar gona da ta dangi, kuma sashen asirin da Boussouf ya gina shi ne ya rikiɗe ya zama hukumar tsaron soja mai ƙarfi a siyasar ƙasar bayan 'yanci.

## Abin da ya rage wa talaka

Baƙauyen Aljeriya ya rayu cikin gaba kura baya sayaki. Da dare mayaƙa za su zo neman abinci da labari, da safe soja zai zo yana tambayar wa ya zo jiya. Shiru laifi ne a wurin ɗaya, magana laifi ce a wurin ɗayan. Iyalai da yawa sun raba ƙafa, ɗa ɗaya a daji, ɗaya a cikin harki, wato dakarun sa-kai Musulmi da ke taimaka wa Faransa, don ko ta ina aka zo a samu mai ceto.

Bayan yarjejeniyar Evian ta 18 ga Maris 1962, wadda ta kawo tsagaita wuta, da samun 'yanci a watan Yuli, lissafi ya faɗo kan waɗanda aka gani tare da Faransa. Yarjejeniyar ta yi alkawarin ba za a hukunta kowa kan abin da ya yi lokacin yaƙi ba, amma an kashe harki da masu unguwanni da waɗanda ake zargi da kai rahoto, kuma mafi yawan ƙiyasi na magana ne a kan dubun dubata. Waɗanda suka tsira zuwa Faransa an ajiye da yawansu a sansanoni na shekaru. Macron ya nemi gafararsu a Satumban 2021, aka yi dokar biyan diyya a Fabrairun 2022. A gefe guda, dokokin afuwa na Faransa daga 1962 zuwa 1968 sun rufe ƙofar tuhumar waɗanda suka yi azabtarwa. Aussaresses tara aka ci shi saboda abin da ya rubuta, ba saboda abin da ya aikata ba.

Buɗe takardun zai taimaki iyalan waɗanda suka ɓace su san ranar da aka kama nasu da rundunar da ta tafi da shi, ko da yake kisan gilla ba kasafai ake rubuta shi ba. Amma fayil ɗin 'yan sanda yana ɗauke da haɗari na daban. Sunan da ke ciki a matsayin mai kai rahoto yana iya zama na wanda ya yi da son ransa, ko na wanda aka azabtar, ko na wanda FLN ce ta tura shi ya yi kamar yana tare da hukuma, ko kuma na wanda jami'i ya rubuta da gangan don a kashe shi, kamar yadda Léger ya yi. Takardar ba ta bambance su, kuma jikokin mai sunan da jikokin wanda aka kama suna iya kasancewa a unguwa ɗaya har yau. Wannan ce hujjar da ake kafawa wajen barin irin waɗannan fayiloli ƙarƙashin wa'adin shekara 100. Masu bincike kuma suna ƙorafin cewa sharaɗin yana da faɗi, kuma ana iya rufe kundi guda saboda shafi ɗaya. Kwamitin haɗin gwiwa na masana tarihin ƙasashen biyu, wanda Macron da Shugaba Abdelmadjid Tebboune na Aljeriya suka amince a kafa a Agustan 2022, an ɗora masa duba takardun zamanin mulkin mallaka na ɓangarorin biyu, sai dai aikinsa yana tafiya ne gwargwadon yadda dangantakar gwamnatocin take. Ga fayil ɗin da aka rubuta a 1957, wa'adin shekara 100 ba zai cika ba sai 2057.